Daga Damagaram zuwa Gidimuni

Da asuba Isufu da ƙanensa Habu suka hau kekunansu, suka bar Damagaram, suka nufi gabas. Da hantsi sun wuce Mirya. Hanya ta ratsa tsakanin duwatsu, su hau da gumi, su gangara da dariya.

Da rana tsaka ƙaya ta huda tayar Habu. Ruwan goransu kuma saura kaɗan. Habu ya ce:

– Yaya, mu koma gida.

– A'a, gaba ta fi baya kusa. Miƙo famfo.

Suka liƙe tayar a inuwar aduwa, suka ci gaba.

Da la'asar suka hango tabkin Gidimuni, ga dabino, ga rake. Sun ci kilomita wajen 70!

Tambaya: Don me Isufu ya ƙi komawa gida?