Sarkin Habasha da Amiru Abdulƙadir

Mutanen duniya suna bin addinai iri-iri. Akwai musulmi, akwai kiristoci, akwai yahudawa. A ƙasar Indiya mafi yawan jama'a ƴan addinin Hindu ne. A gabashin Asiya akwai masu bin koyarwar Buda da ta Konfusiyus. A Afirka akwai masu riƙe da addinin kaka da kakanni. Kowane yana da irin ibadarsa, da ranakun bukinsa, da wuraren da yake girmamawa. Bambancin da ke tsakaninsu babba ne, kuma kowa yana riƙe da nasa da gaske. Amma in aka zo batun yadda mutum zai zauna da ɗan'uwansa mutum, sai a tarar maganarsu ta yi kusa da juna ƙwarai. Ga labarai biyu na tarihi da suka nuna haka.

1. Hijira zuwa Habasha

A shekara ta 615 ta miladiyya musulmi ba su da yawa a Makka. Manyan Ƙuraishawa suna gallaza musu. Ana dukan wasu, ana ɗaure wasu, ana shanya bayi cikin rana. Da abin ya yi tsanani, sai Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shawarci mabiyansa su ƙetare Bahar Maliya su tafi Habasha. Ya gaya musu akwai wani sarki can wanda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Sarkin nan kirista ne. Larabawa suna ce masa Najashi, watau sarki da harshen ƙasar. Daularsa ita ce Aksum, wadda ta karɓi addinin kirista tun ƙarni na 4, zamanin sarki Ezana.

Ayarin farko mutum 15 ne ko kusa da haka. Cikinsu akwai Usmanu ɗan Affan da matarsa Ruƙayya, ɗiyar Annabi. Daga baya wani ayari ya bi su, maza fiye da 80, ban da mata da yara. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib shi ne mai magana da yawunsu.

Ƙuraishawa ba su ji daɗin wannan ba. Suka aiki mutum biyu, Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a, suka haɗa su da tsarabar jemammun fatu, don fatar Makka tana da daraja a Habasha. Manzannin suka fara bi ta kan manyan fada, kowa suka ba shi rabonsa. Sa'an nan suka je gaban sarki. Suka ce wasu samari ne marasa hankali suka bar addinin iyayensu, ba su kuwa shiga na sarki ba, don haka a ba su su koma da su gida. Fadawa suka goyi bayansu. Sarki ya ƙi. Ya ce ba zai miƙa mutanen da suka fake a inuwarsa ba sai ya ji ta bakinsu.

Aka kira musulmi. Ja'afar ya tashi ya yi bayani. Ya ce a dā suna bautar gumaka, suna cin mushe, suna yanke zumunta, mai ƙarfi yana danne marar ƙarfi. Sai Allah ya aiko musu da manzo daga cikinsu. Ya umurce su su bauta wa Allah shi kaɗai, su faɗi gaskiya, su riƙe amana, su kyautata wa maƙwabci, kada su ci dukiyar maraya. Duk waɗannan abubuwa sarki ya san su, don yana jin irinsu a majami'arsa. Ya nemi a karanta masa wani abu daga littafinsu. Ja'afar ya karanta farkon Suratu Maryam, inda aka ba da labarin Zakariyya da Yahaya da haihuwar Annabi Isa. Sarki ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, malaman majami'a su ma suka yi kuka. Ya ce wannan magana da wadda Isa ya zo da ita daga fitila ɗaya suka fito.

Amru mutum ne mai wayo, ya san inda bambancin yake. Kashegari ya koma fada, ya ce a tambaye su abin da suke faɗi game da Isa. Musulmi suka tsorata, amma suka shirya su faɗi gaskiya ko me zai faru. Ja'afar ya ce Isa bawan Allah ne, manzonsa ne, ruhi ne daga gare shi, kuma kalmarsa ce da ya jefa ga Maryama budurwa. Ba haka majami'a take koyarwa ba, manyan fada kuwa suka yi gunaguni. Sarki ya ɗauki tsinke daga ƙasa, ya ce Isa bai wuce abin da Ja'afar ya faɗa da ko tsawon tsinken nan ba. Ya ba musulmi amana, ya sa aka mayar wa Ƙuraishawa tsarabarsu.

Ja'afar ya zauna Habasha har shekara ta 628. Da Najashi ya rasu a 630, Annabi ya yi masa sallar gawa daga Madina. Marubutan tarihin Musulunci sun ce ya musulunta kafin rasuwarsa. A ranar da baƙin nan suka iso ƙasarsa dai, sarkin kiristoci ne ya karɓe su.

2. Tarzomar Dimashƙu

Labari na biyu ya faru a shekara ta 1860. A nan musulmi ne ya kare kiristoci.

An haifi Abdulƙadir ɗan Muhyiddin a 1808 kusa da garin Maskara, a yammacin Aljeriya. Gidansu gidan malaman Ƙadiriyya ne. Faransa ta kama birnin Aljer a 1830. A 1832 kabilun yamma suka naɗa Abdulƙadir amirinsu, yana da shekara 24. Ya yi shekara 15 yana yaƙi da sojojin Faransa. Ko a cikin yaƙin ya hana a wulaƙanta wanda aka kama da rai. A ƙarshen 1847 ya ajiye makamai, bisa alkawarin za a kai shi wata ƙasar musulmi a gabas. Ba a cika masa alkawari ba. Aka tsare shi a Faransa har 1852. A 1855 ya sauka Dimashƙu, babban birnin Sham, wanda a lokacin yake hannun Turkawa. Can ya zauna yana karantarwa a babban masallacin birnin.

A 1860 faɗa ya tashi a duwatsun Libanan tsakanin Duruzawa da kiristoci. Ran 9 ga Yuli wutar ta iso Dimashƙu. Ƴan tarzoma suka afka wa Bab Tuma, unguwar kiristoci, suna ƙone gidaje da majami'u, suna kisa. Gwamnan birnin bai hana su ba. Dubban mutane suka mutu cikin ƴan kwanaki.

Da Abdulƙadir mai riƙo ne, da ya rufe ƙofarsa. Mutanen da suka ƙwace ƙasarsa, suka saɓa masa alkawari, ai kiristoci ne. Amma sai ya tara ƴaƴansa da Aljeriyawan da suka biyo shi, suka ɗauki makamai, suka shiga lungunan da ke cin wuta. Suna kira, wanda ya ɓuya ya fito. Suka kwaso maza da mata da yara, da limaman majami'a, da wakilan ƙasashen Turai, suka kai su gidansa. Da gida ya cika, aka riƙa raka su ƙungiya-ƙungiya zuwa ganuwar soja ta birnin. Taron ƴan tarzoma ya zo ƙofar gidan yana neman a fito da su. Abdulƙadir ya fito da kansa. Ya ce mutanen nan suna cikin amanarsa, addini ya hana zubar da jinin wanda bai yi laifi ba, kuma wanda zai taɓa su sai ya fara da shi. Taron ya watse. Ta haka dubban mutane suka tsira. A unguwar Maidan ma wasu manyan musulmi sun ɓoye maƙwabtansu.

Labarin ya bazu a duniya. Faransa, wadda ya yaƙa, ta ba shi lambar girma mafi daraja. Shi kuwa, a wasiƙar da ya rubuta wa shugaban majami'ar Aljer, cewa ya yi abin da shari'ar Musulunci da haƙƙin ɗan Adam suka wajabta masa ne ya yi. Ya rasu a Dimashƙu a 1883. A 1966 aka mayar da gawarsa Aljeriya.

3. Abin da addinai suka taru a kai

Najashi da Abdulƙadir kowane a cikin addininsa ya sami umurnin kare baƙo da marar ƙarfi. Umurnin yana da tushe guda: ka auna wani da ma'aunin da kake so a auna ka da shi. Wannan magana tsohuwa ce, kuma an yi ta a wurare masu nisa da juna.

A ƙasar Sin, Konfusiyus ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin miladiyya. Ya koya wa almajiransa kada mutum ya ɗora wa wani abin da ba ya so a ɗora masa. A Indiya, Buda ya tuna wa mutane kowane mai rai yana tsoron duka da mutuwa, don haka mutum ya sa kansa a matsayin wani kafin ya cuce shi. A Ƙudus, wani mutum ya nemi malam Hilel ya koya masa Attaura duka yana tsaye da ƙafa ɗaya. Hilel ya gaya masa ya bar yi wa ɗan'uwansa abin da shi kansa yake ƙi, saura duk bayani ne. A cikin Linjila, Isa ya umurci mabiyansa su yi wa mutane abin da suke so a yi musu. A hadisi na 13 na Arba'una Hadisi, an nuna imanin mutum ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa.

Haka kuma batun taimakon matalauci. Musulmi yana fitar da ɗaya cikin 40 na dukiyar da ta kai nisabi. Yahudawa da kiristoci sun san zakkar ɗaya cikin 10. A birnin Amiritsar na Indiya, ƴan addinin Sik suna dafa abinci kullum a babban wurin ibadarsu. Duk wanda ya zo sai ya zauna ƙasa ya ci kyauta, ba a tambayarsa addininsa. Azumi ma haka: akwai na Ramadan, akwai na kwana 40 kafin bukin Ista, akwai na yini ɗaya da yahudawa ke yi don neman gafara.

Mutane ba kullum suke bin abin da aka koya musu ba. A watan Janairu na 2015 an yi tarzoma a Damagaram da Yamai, aka ƙone majami'u da yawa, aka yi hasarar rayuka. A kwanakin nan akwai musulmin da suka buɗe gidajensu, suka ɓoye maƙwabtansu kiristoci har ƙura ta lafa. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ma'anar kalmomi

gallaza: azabtar da mutum a kai a kai.
jemammun fatu: fatun da aka jeme suka yi laushi.
amiru: shugaba mai jagorancin jama'a da mayaƙa.
Duruzawa: wata al'umma mai addininta a Libanan da Sham.
nisabi: yawan dukiyar da zakka ke wajaba a kanta.

Tambayoyi

1. Me ya sa musulmi suka yi hijira zuwa Habasha?
2. Don me manzannin Ƙuraishawa suka fara ba fadawa tsaraba?
3. Ja'afar ya ɓoye bambancin da ke tsakanin addininsa da na sarki? Me ya faɗa?
4. Wane dalili ne zai iya sa Abdulƙadir ya rufe ƙofarsa? Me ya yi?
5. Ku kawo abu uku da addinai suka taru a kansu.

Aiki

1. Shekara nawa ne tsakanin hijirar Habasha da tarzomar Dimashƙu?
2. Ku nemi Makka, da Aksum, da Aljer, da Dimashƙu a kan taswira.
3. Ku tambayi tsofaffin unguwarku karin magana uku a kan baƙo ko maƙwabci, ku rubuta su cikin littafinku.