Farfela Ba Bututun Ruwa Ba Ce

Makon jiya aka jawo wata BMW garejina a nan Diko, kuma har yanzu raina bai huce ba. Na san motar, na san mai ita. Matashi ne daga Suleja, cikin masu wasan mota a wurin biki, irin waɗanda ke juya mota wuri ɗaya har taya ta yi hayaƙi. Tsohuwar E36 ce, ya sauke injinta mai silinda huɗu ya ɗora V8 na Lexus haɗe da giyabos ɗinsa. Aikin injin ba laifi, wanda ya yi shi ya san hannunsa. Amma da giyabos ya canza, farfelar asali ta daina shiga: tsawo ya saɓa, baki ya saɓa.

Wannan ne ya fara kawo shi wurina watannin baya. Ya zo da waya a hannu yana nuna mini bidiyon 'yan Amurka masu Mustang da Camaro, ya ce, "Oga, ta alminiyon nake so, ko ta zaren kabon. An ce mota ta fi tashi da su." Na ce masa, "Ɗana, zauna tukuna. Kafin mu zo kan irin ƙarfe, wa zai yanka, wa zai yi walda, wa zai ɗora ta a injin balans?" Shawarar da na ba shi ita ce a bar farfelar gida biyu yadda kamfani ya yi ta, da boris ɗinta na tsakiya, a gyara gaban kawai da bututun ƙarfe marar ɗinki, a wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, sannan a yi mata balans ko da sai an kai ta Kaduna ko Legas. Na faɗa masa kuɗin. Ya ce zai dawo.

Bai dawo ba. Ashe akwai biki a gabansa, yana sauri, sai wani ya kai shi wurin mai waldar bakin titi, wanda sana'arsa ƙofa da taga da tankin ruwa. Mutumin ya yanke bakunan farfelar biyu, ya jefar da boris ɗin tsakiya wai shi ne ke rage wa mota ƙarfi, ya ɗauko bututun ruwa irin na rijiyar burtsatse, ya haɗa gaba da baya guda ɗaya. Ya auna miƙewarta da ido. Ya fesa mata baƙin fenti, ta fito tana ƙyalli, yaro ya biya ya tafi yana murna an yi masa araha.

Tun ranar farko motar ta gaya masa. Da maleji ya haura 80 sai kujera ta fara rawa, madubi ya daina nuna komai. Ya koma, mai waldar ya ce taya ce. Aka yi wa tayoyi balans, girgiza na nan. Aka ce masa ai mota mai babban inji dama haka take. Ya yarda, ya ci gaba da hawa.

Ranar da abin ya faru da yamma ne, sun fito gwaji kan titin Kaduna, daga mahaɗar Diko sun nufi Tafa, shi da ƙaninsa a kujerar gaba. Ya taka totur. Bututun ya karye a gindin waldar gaba, guntun da ya rage ya yi ta dukan ƙasan motar har ya yaga bodi ya shigo ciki, ɗaya ɓangaren ya soki kwalta ya ɗaga bayan motar ya wurga ta gefen titi. Shi mai motar ya fita da ƙujewa. Ƙanin nasa, yaro ɗan sakandare, ƙafarsa ta karye wuri biyu, yana kwance yanzu haka.

Da na shiga rami na duba, sai da jikina ya yi sanyi. A wannan motar tankin mai yana ƙarƙashin kujerar baya ne, ya hau kan farfela ta gefe biyu. Ƙarfen ya daki tankin ya bar masa shaida, ya tsinke bututun mai, fetur ya jiƙa ƙasan motar kusa da salansa mai zafi. Allah ne kawai ya tsare. Mu a Diko ba sai an yi mana bayanin fetur ba, mun ga abin da ya yi a mahaɗar nan ranar 18 ga Janairun 2025 da tankar mai ta kama da wuta.

Guntun bututun yana nan a garejina. In ka leƙa cikinsa za ka ga ɗinkin ya bi tsawonsa, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ana iya ganewa da yatsa. Waldar ta taru a sama ƙulu-ƙulu, ba ta ratsa ƙarfen ba, kuma duk ramuka ne saboda an yi ta a kan farin rufin bututun ba a kankare ba. Bakunan kuros ɗin gaba da na baya ma ba su kalli juna ba. Wannan shi ne abin da aka ɗaura wa V8, aka saka yara biyu a kai.

Mutane ba su san gudun da farfela ke yi ba, shi ya sa suke raina ta. Ɗauki motar da aksil ɗinta ke 3.5, tayarta na cin kusan mita biyu a juyi ɗaya. A gudun kilomita 120, taya na juyi 1,000 a minti, farfela 3,500. A 160 ta haura 4,600. Kowace farfela kuma tana da iyakar juyin da in ta kai sai tsakiyarta ya fara lanƙwasa yana wurgawa, kamar igiyar tsalle ta yara. In ka ninka tsawon bututu, wannan iyakar takan faɗo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Dalilin da ya sa BMW da Mercedes suka raba tasu gida biyu ke nan suka sa boris a tsakiya. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ma, tata a cikin kube take gaba ɗaya. Injiniyoyi sun zauna sun yi lissafi, kai kuma ka zo da abin yankan ƙarfe ka ce ka fi su sani.

Batun irin ƙarfe kuwa, ga ra'ayina a fili. Ga titinmu, ƙarfe marar ɗinki shi ne. Yana da nauyi, amma yana jure dutse da rami, kuma in ya samu matsala akwai mai gyara. Wanda ya ƙara wa inji ƙarfi sosai ya nemi kuromoli, lamba 4130, in dai ya samu na gaskiya da mai waldar da ya san shi. Alminiyon nauyinsa kusan sulusin na ƙarfe ne, amma taurinsa ma kusan sulusi ne, saboda haka sai an yi shi da faɗi kafin ya yi amfani, kuma ba kowace mota ce ke da wurin wannan faɗin ba. Ga shi da saurin lotsewa. Ka hau tudun rage gudu irin na garuruwanmu da motar da aka saukar ƙasa, farfelar ta gogu sau ɗaya, ta tashi daga aiki. Sannan lamba 6061 da ake yin su da ita, zafin walda na kashe ƙarfinta a daidai wurin. Duk wanda ya ce zai yi maka waldar farfelar alminiyon a bakin titi, tashi ka bar wurin. Ta zaren kabon ta fi duka rashin nauyi, ta fi jure juyi, amma bakunanta da gam aka manna, dutse ɗaya kan iya yi mata illar da ido ba zai gani ba, kuma ba ta gyaruwa. Wannan ta filin tsere ce, ba ta hanyar Minna ba.

Amma ko ta zinare ce, in ba a miƙe take ba, in ba a yi mata balans ba, za ta karye. Girgiza gargaɗi ce. In ka taɓa farfela mota ta fara girgiza, ajiye ta. Kada wani ya ce maka taya ce. Girgizar taya daban, ta farfela daban, bakaniken da ba ya bambance su bai kamata ya shiga ƙarƙashin motarka ba. Kuros ɗin jabu ma yana kisa. Noti kuma ba kowanne ake ɗaurawa ba.

Akwai wani abu mai arha da kusan babu mai sa shi a nan: zoben ƙarfe da ake kewaye farfela da shi kusa da kuros ɗin gaba, don in ta karye ya riƙe ta. Hukumar NHRA ta masu tseren Amurka tana wajabta shi ga motoci masu gudu, a cikin inci 6 daga kuros ɗin gaba. 'Yan bidiyon da yaranmu ke kallo suna da shi a ƙarƙashin motocinsu, kyamara ce ba ta nunawa. Da motar nan na da shi, da wataƙila yaron can yana makaranta yau.

'Yan'uwana masu walda, sana'arku mai daraja ce, amma abin da ba aikinka ba ne ka ce ba ka iya ba, arzikinka ba zai ragu ba. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya canza wa mota inji, ku tambaye shi wa ya yi farfelar, a ina aka yi mata balans. Ku samari, wanda ke da miliyoyin sayen V8 yana da kuɗin bututun kirki. Motar da ke girgiza kada a sa ɗan kowa a cikinta, a kawo ta rami a duba.