Maitokondiriya: Tushen Kuzarin Jiki da Ɗabi'un da Ke Raya Ta

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana danganta ƙarfin jiki da cin abinci, kuma yana da hujja. Sai dai tuwo ba ya zama kuzari sai ya biyo ta wani ɗan ƙaramin sashe na tantanin halitta da ake kira maitokondiriya, sunan da masani Bajamushe Carl Benda ya raɗa a shekarar 1898. Wannan maƙala ta nuna cewa yawan maitokondiriya da ingancinta suna sauyawa gwargwadon yadda mutum yake tafiyar da rayuwarsa.

2.0 Yadda Take Aiki

Bayan narkewar abinci, jini yana kai sukari da maiƙo ga tantanin halitta. Maitokondiriya ce ke ƙona su da taimakon iskar oksijin, ta samar da sinadarin ATP, wanda da shi zuciya ke bugawa, tsoka ke motsi, ƙwaƙwalwa ke tunani. Hans Krebs ya fayyace zagayen wannan aiki a 1937, sannan Peter Mitchell ya bayyana yadda ake haɗa ATP a 1961. Jiki ba ya tara ATP mai yawa. Sabunta shi yake yi dare da rana. Haka kuma maitokondiriya tana da ƙwayoyin gado nata na kanta guda 37, waɗanda ɗa ke gada daga mahaifiyarsa.

3.0 Abubuwan da Ke Raya Ta

Na farko shi ne motsa jiki. A 1967, John Holloszy na Amurka ya gano cewa ɓerayen da aka horar da gudu, ƙarfin tsokarsu na sarrafa oksijin ya kusa ninkawa. Wato tsokar da ake mora tana ƙara maitokondiriya, wadda aka bari a zaune kuwa tana rage ta. Don haka noma, daka da tafiyar ƙasa suna da amfanin da zaman ofis ba ya bayarwa. Na biyu shi ne abinci: wannan aiki yana buƙatar sinadarin ƙarfe da bitamin na rukunin B, waɗanda ake samu a hanta, wake, gyaɗa da hatsin da ba a surfe sosai ba.

4.0 Abubuwan da Ke Cutar da Ita

Rogo mai ɗaci da ba a jiƙa sosai ba yana sakin gubar sayanayid, wadda ke hana maitokondiriya amfani da oksijin. Hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki kuwa yana hana oksijin isa gare ta, har ya kai ga rasa rai.

5.0 Kammalawa

An ga cewa maitokondiriya gado ce daga uwa, amma renonta yana hannun mai ita. Ya kamata masu fassara darussan lafiya zuwa Hausa su fito da wannan alaƙa fili, domin mai karatu ya san dalilin kowace shawara da aka ba shi.