Amsar Tambaya: Hoton Yanyawa a Gona

Tambaya: Malam, na ga wata dabba kamar ɗan kwikwiyo mai manyan kunnuwa a gonarmu ta Jiratawa. Yaya zan ɗauki hotonta? Daga mai karatu, Sabon Gari, Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, yanyawa ce ka gani. Ta fi dila ƙanƙanta, ƙarshen wutsiyarta baƙi ne. Da rana tana cikin raminta a jigawa, sai dare take fita. Ka je da asuba ko gab da magariba, ka zauna nesa, iska na busowa daga wajenta zuwa gare ka, don kada ta sansano ka. Kashe fitilar wayarka, ka yi shiru. Kada ka tone ramin ko ka ba ta abinci. Tana cin ɓeraye da fara, abokiyar manomi ce. Ka ɗauki hoto, ka bar ta ta rayu.