Kafin Ka Karɓi Makullin Motar Haya

In za ka ɗauki hayar mota don doguwar tafiya, kamar Kano zuwa Abuja da ta haura kilomita 400, kada ƙyallin fenti ya ruɗe ka. Fara zama a kujerar baya, domin can iyaye da yara za su yini. Corolla ba ta shan mai sosai, ga daɗin sarrafawa a cunkoson gari, amma manya uku a bayanta jikinsu zai yi tsami tun kafin Zariya. Camry ta fi ta sarari, ta kuma fi zama daram a kan kwalta.

Ga mai iyali da kaya, ni dai Sienna zan ce. Tana ɗaukar mutum 7 ko 8, ƙofofin gefenta zugewa ake yi, tsofaffi na shiga ba wahala. Aibinta ɗaya, cikinta kusa yake da ƙasa. In ta cika, sai an lallaɓa ta a hanya mai kwazazzabai.

Hilux kwarjininta ke jan mutane, amma in bayanta ba kaya, kowane rami a ƙugunka zai ƙare. Hanyar ƙauye da damina ce ranarta. Prado ta fi ta laushi, sai dai tsayinta kan sa ta karkata a kwana, don haka a sassauta ƙafa.

Kafin ka sa hannu, ɗan zaga da motar. Lura ko sitiyari na ja gefe, taka birki ka saurara, kunna iyakwandishan da tsakar rana. Duba safaya da jak, sannan ka ɗauki hoton kowane karce a gaban mai motar.