Darasi na 12: Zane Kafin Aiki

Magini ba ya fara gini sai ya shata ƙasa. Haka ma masu shirya majigi da manhajar waya. Sukan fara zana labarin a takarda, hoto bayan hoto, kowane hoto cikin akwatinsa. A ƙarƙashinsa su rubuta maganar da za a faɗa. Kamfanin Walt Disney na Amurka ya tsara majigi da wannan dabara a 1933.

Masu manhaja kuma sukan ja kibiya daga akwati zuwa akwati: in mutum ya taɓa nan, ina za shi?

Kuskure a takarda, sai a goge. Kuskure bayan an gama aiki, hasarar kuɗi ce.

Aiki: Ku zana akwati huɗu. Ku nuna yadda ake shuka gyaɗa.