Ƙafa Na Zogi A Kan Keken Tsere? Duba Takalmi Da Sirdi Kafin Ka Nemi Magani

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya sa ɗalibai da yawa sun koma hawa keke. Wasu sun sayi keken tsere na gwanjo, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Keken na da gudu, ba musu. Sai dai bayan minti talatin ko arba'in a kansa, sabon mahayi yakan ji tafin ƙafarsa na zafi kamar ya taka garwashi, ko yatsu su mutu, su riƙa yi kamar ana tsira musu allura. Da yawa sukan ce ai rashin sabo ne. Galibi ba haka ba ne: keken ne da takalmin ba su dace da jikin mai su ba. Keken gwanjo dai da awon wani ya zo.

Me ke faruwa a cikin ƙafar? A gindin yatsu, wurin nan mai tudu, akwai kawunan dogayen ƙasusuwa biyar, jijiyoyin ji kuma suna ratsawa ta tsakaninsu. Nan ne daidai inda kake danna feda. Mai juya feda sau 90 a minti ɗaya ya danna wurin sau 5,400 a awa guda. In takalmi ya matse ƙasusuwan nan, jijiyoyin tsakani ne ke shan wahala, shi ne zafin da kake ji. Ga kuma rana irin tamu: ƙafa na kumbura da zafi, takalmin da ya yi maka daidai da safe zai iya zama matsattse da azahar.

Saboda haka fara da takalmi, don shi ne gyara mafi arha. Sassauta igiyar ta wajen yatsu, ka bar ta sama da ɗan ƙarfi don dunduniya ta zauna. Sa safa marar kauri. In za ka sayi takalmi, gwada shi da yamma, ka tabbata yatsunka na motsi a ciki. Masu zuwa lakca da silifas a kan fedar ƙarfe kuwa, ku yi haƙuri, wannan neman ciwo ne. Ƙasan silifas na lanƙwashewa, duk nauyin ya taru a wuri guda, yatsu kuma suna ta faman riƙe shi kada ya zame. Kambas mai taurin ƙasa ya fi.

Sai inda ƙafa ke zama a kan feda. Kada ka tuƙa da yatsu. Tudun gindin babban yatsa ya kasance a kan tsakiyar feda, ko ma ya ɗan wuce ta gaba kaɗan. Masu takalmin da ke maƙalewa a jikin feda, irin wanda kamfanin Look na Faransa ya fito da shi a 1984, su duba kilit, wato ɗan abin da ake ɗaurewa a ƙasan takalmin. Matso da shi baya ta wajen dunduniya da milimita 3 zuwa 5 yakan rage zafin gaban ƙafa, ya kuma sauƙaƙa wa agara da sha-raɓa. Launinsa ma yana da ma'ana. A Shimano SPD-SL, ja ba ya barin ƙafa ta motsa ko kaɗan, shuɗi digiri 2, rawaya digiri 6. Sabon shiga ya nemi rawaya.

Yanzu sirdi, wanda shi ne mutane ba sa zargi sam. In ya yi sama da yawa, dole ka miƙe yatsu ƙasa kafin ka kai ƙarshen juyi, ƙugu na rangaji hagu da dama, gaban ƙafa da agara su ɗauki duk aikin. In ya yi ƙasa, gaban gwiwa ne zai yi kuka. Akwai lissafi mai sauƙi da aka fi sani da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren Tour de France a 1986, 1989 da 1990. Cire takalmi, jingina da bango, sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka ka tura shi sama sosai kamar kana zaune a sirdi. Aboki ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin da tef ɗin tela. Ninka abin da ya fito da 0.883. Misali, santimita 82 zai ba ka 72.4. Wannan ne tsawon daga tsakiyar ƙarfen da hannun feda ke juyawa a kansa zuwa saman sirdi. In ba tef, hau keken kana dafe da bango, ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Da ka mayar da gaban ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, abin da ake so ke nan.

Lissafin nan mafari ne kawai, bai san tsawon tafin ƙafarka ko kaurin takalminka ba. Canza abu ɗaya a lokaci guda, milimita kaɗan, ka yi alama da maka, ka hau kwana uku kafin ka sake taɓawa. Wanda ya kwance komai rana ɗaya ba zai gane wanne ya yi aiki ba. Kuma duba sandar sirdin: akwai layin da kamfani ya zana a jikinta, kada ya leƙo waje. In sai ka wuce layin kafin tsayin ya ishe ka, keken ya yi maka kaɗan, sanda na iya karyewa ko ta fasa jikin keken kana tsakiyar titi.

Wani abu da 'yan gayu ke yi shi ne tuƙi da giya mai nauyi don a ga ƙarfi. Kowane dannawa na ƙara matse tafin ƙafa. Sauko da giya, ka juya da sauri, kamar sau 80 zuwa 90 a minti.

In ka yi duk wannan amma ƙafar na ci gaba da mutuwa awanni bayan ka sauka, ko kana jin kamar tsakuwa a ƙarƙashin yatsa na uku da na huɗu ko da kana tafiya a ƙasa, je asibitin makaranta, don jijiyar wurin kan yi kauri har ta buƙaci likita. Mai ciwon suga ko sikila kada ma ya jira: ya nuna ƙafar tun ranar da abin ya fara.